Birnin Gwari: Garin da Ya Bar Ganuwarsa Ya Bi Hanya

Ranar Alhamis 28 ga Nuwamba, 2024, Gwamnan Jihar Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar kara wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. A ranar ce kuma aka gabatar da wasu daga cikin 'yan bindigar yankin da suka ce sun ajiye makamai. Bayan haka manyan motoci suka koma lodin shanu zuwa kudu, masu sayen masara da waken suya suka dawo da buhunansu, direbobi suka riƙa kama hanyar Kaduna ba tare da sun tsaya jiran rakiyar sojoji ba. Duk mai ɗan'uwa a wannan yanki ya san darajar abin: magidanci ya kwana a ɗakinsa, gari ya waye ya saɓa fartanya ya nufi gona.

Sai dai akwai wata asarar da sulhun bai taɓa ba, ita ce ta sunan garin. Yaron da aka haifa a Kano ko Sakkwato wajen 2010, in aka ce masa Birnin Gwari, daji zai fara zuwa masa a rai, da babura, da kuɗin fansa. Shekaru goma na labarin rediyo sun danne ɗaruruwan shekaru na tarihi. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga mutanen garin, kuma yana ɓatar da masu mulki, domin wanda ya ɗauka cewa daji ne kawai a wurin, maganin daji kaɗai zai nema. Tarihin garin kuwa yana nuna cewa hanya ce ta kafa Birnin Gwari, ita ta raya shi, ita ta sa ya tashi daga mazauninsa na farko, kuma duk lokacin da aka toshe ta sai garin ya shiga uku.

Sunan ma shaida ne. Bahaushe ba ya kiran ƙauye birni. Sai gari ya kewaye kansa da ganuwa, ya yi ƙofofi, ya yi sarki da fada da kasuwa, sannan ya ci wannan suna. Rabin sunan na biyu kuma yana nuna mutanen da aka tarar a ƙasar, wato Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Tare da su akwai Kamukawa, waɗanda dajin Kamuku ya ci sunansu, masu harshen da ke da dangantaka da na Kambari da Dakarkari, kuma har yau suna nan a yammacin masarautar da ƙananan hukumomin Rafi da Mariga na Jihar Neja. A jerin ƙasashen da ake kira Banza Bakwai, Gwari tana nan tare da Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Kwararrafa da ƙasar Yarabawa. Laƙabin na raini ne, babu shakka, amma shigar Gwari cikin jerin ya nuna cewa masu ba da tarihin ƙasar Hausa sun san ta a matsayin ƙasa mai zaman kanta tun da daɗewa. A yau Hausa ce harshen kasuwa da fada da masallaci a Birnin Gwari, kuma Fulani makiyaya sun daɗe suna cikin jama'ar ƙasar. Gari ne da ya haɗu daga jinsi daban-daban, kamar kowane garin da ke bakin hanya.

Birnin na asali ba shi ne wanda matafiyi ke ratsawa yau a hanyar Kaduna zuwa Tegina ba. Yana can arewa, ta ɓangaren hanyar Funtuwa, kuma mutanen wurin na kiransa Tsohuwar Gwari. Kafin jihadi, fuskar wannan birni Katsina take kallo. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a 1981, ya nuna yadda ikon sarakunan Katsina da hulɗarsu suka miƙa kudu, suka ratsa ƙasar da ake kira Katsina Laka, mai ƙasa mai nauyi da ruwan sama wadatacce, har suka kai ga garuruwa irin su Birnin Gwari da Kuyambana. Dalilin bai ɓuya ba. Katsina birnin ciniki ce, kayan da ke shigo mata daga Sahara suna bukatar mafita zuwa kudu, na kudu kuma suna bukatar mashiga.

Ta nan fatake ke bi. Ayarin da ya taso daga Katsina ko Kano zai nufi Nupe, ko kuma ya karkata yamma ta Kwatankwaro da Yawuri, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu har Gwanja inda ake saro goro. Tafiya ce ta watanni. Madugu na jagorancin ayari, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, jakuna na ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, a dawo da goro a lulluɓe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Irin wannan ayari ba ya kwana a fili a ƙasar da ke da duwatsu da duhuwa. Yana bukatar zango kusa da ganuwa, da ruwa, da hatsin saye, da sarkin da zai karɓi kuɗin hanya ya ba da tsaro. Birnin Gwari ya samar da duk waɗannan, ga kogin Mariga a ƙasarsa, ga ƙasar noma. Abin da garin ke sayarwa na farko shi ne aminci ga mai wucewa.

Akwai shaidar ido a rubuce. A ƙarshen 1825, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdullahi, ya taso daga gaɓar teku ta ƙasar Yarabawa da Bargu da arewacin Nupe, yana nufin Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi da baransa Richard Lander sun sauka a Birnin Gwari a tsakiyar 1826 kafin su wuce Zariya a watan Yuli. A littafin tafiyarsa, wanda aka buga a 1829 bayan ya rasu a Sakkwato a 1827, ya siffanta garin a matsayin babban gari mai ganuwa, ya kuma ba da labarin cewa dā yana ƙarƙashin Katsina, cewa masu jihadi sun ci shi, sannan ya ɓalle ya shiga ƙawancen ƙasashen da suka ƙi bin sabuwar daula. Kalmar da ya ji ana kiran ƙawancen da ita ya rubuta ta yadda kunnensa ya kama, kuma duk Bahaushen da ya gan ta zai gane cewa tawaye ake nufi.

Wannan matsayi ne ya tsara rayuwar garin a sauran ƙarni na 19. Sarakunan Katsina na Haɓe da aka kora sun kafa Maraɗi a arewa. Na Zazzau da aka kora a 1808 sun gangara kudu, har Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja a yau. Birnin Gwari na tsakanin waɗannan biyun, kuma ya ci gaba da riƙe tsohuwar alaƙarsa da Katsinawan Maraɗi. Ƙaramar ƙasa ce da manyan masarautun daular Usmaniyya suka sa a tsakiya, Katsina ta arewa, Zazzau ta gabas, amma ta riƙe kanta shekaru masu yawa. Ba sai mutum ya ɗauki ɓangare a yaƙe-yaƙen wancan zamani ba kafin ya yarda cewa hakan na bukatar dabara da juriya. Ganuwa ta taimaka, duwatsu da dajin da ke kewaye ma sun taimaka. A wancan lokaci dajin garkuwar mutanen gari ne.

Masifar ta zo daga yamma. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kwantagora a 1864, ya kuma gina ƙarfinsa a kan hare-hare cikin ƙasashen Kambari da Kamuku da Gwari. Ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, ya zarce shi a wannan fage. A shekarun ƙarshe na ƙarnin rundunarsa ta ci Birnin Gwari, aka kwashi mutane zuwa bauta, waɗanda suka tsira suka watse cikin duwatsu. Da Turawa suka ci Kwantagora a farkon 1901, rahotanninsu sun cika da bayanin garuruwan da suka zama kufai a duk faɗin wannan yanki. Turawan suna da tasu manufar wajen zuzuta abin, domin da shi suke halatta mamayarsu, amma labarin baka na Kamukawa da Gwarawa ma bai manta da sunan Nagwamatse ba.

A nan ya kamata a dakata, domin wannan ne abin da masu magana kan dajin Kamuku suka fi tsallakewa. Ana maganar dajin kamar tun fil azal babu kowa a cikinsa. Alhali ƙasar da aka kwashe mutanenta, gonakinta kan koma saura, saura ta koma kurmi cikin shekara ashirin ko talatin, musamman inda ruwan sama ke da yawa kamar nan. Doka da maje da kirya da ɗorawa da kaɗanya ba sa jiran izini. Don haka wani ɓangare na duhuwar da ake tsoro a yau gado ne na wancan rashin tsaro na farko. Satar mutane ta taɓa mayar da ƙasar nan daji, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, kuma a idonmu ta so ta maimaita.

Turawa sun tarar da Birnin Gwari a raunane, amma ba su haɗe shi da wata masarauta ba. Daga baya ya zauna cikin Lardin Zazzau a matsayin gunduma mai cin gashin kanta, da En'e tata, kamar Kagoro da Jaba da Marwa, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. 'Yancin da aka kare da ganuwa a ƙarni na 19 shi ya zama takardar hukuma a ƙarni na 20, kuma shi ne asalin masarautar da Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu ke riƙe da ita tun farkon shekarun 1990.

Amma mulkin Turawa ya yi wa garin wata illar da ba a ji ƙararta ba. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya bar Birnin Gwari a gefe. Goron da jakuna ke wahalar watanni da shi ya koma shigowa ta jirgin ƙasa daga Ikko cikin kwanaki. Zango ya yi shiru. Kaduna, wadda ba ta kai ƙauye ba sa'ad da Clapperton ya wuce, ta zama hedikwatar Arewa a 1917, Funtuwa ta tashi da auduga da reshen dogo, tsohon birnin fatake kuwa ya rage da noma da tunanin dā.

Abubuwa biyu suka faru a shekarun 1930 waɗanda har yau ake girbar sakamakonsu. Na farko zinariya. Duwatsun yankin na cikin jerin da ke ɗauke da ita, daga Anka da Maru a Zamfara har Minna, kuma a wancan zamani ne haƙar zinariya ta kai ƙololuwa a Nijeriya, kamfanonin Turawa suka buɗe ramuka a kewayen tsohon birnin, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da harkar. Na biyu shi ne keɓe dajin a 1936 a matsayin gandun daji na En'e ta Birnin Gwari. A lura da wannan da kyau: gandun na En'e ne. Sarki da hakimansa da dagatai da malaman daji 'yan ƙasa su ke kula da shi. Sun san maharbi, sun san mai saran itace, sun san Bafulatanin da ya sauka da shanunsa da ardon da ke da alhakinsa. Tsarin En'e na da laifuffukansa masu yawa, kuma talakawan Arewa ba su manta da harajinta da aikin tilas ba, amma baƙo ba ya kwana uku a dajin ba a kai labari fada ba.

Sai kuma hanyar mota ta zo, ita ce ta sake juya tarihin garin. Babbar hanyar da ta haɗa Kaduna da Tegina da Makwa da Jaba ta bakin Kwara har Ikko ta bi ta kudu da tsohon birnin. A tsakiyar ƙarni na 20 sarauta da ofisoshin hukuma suka tashi suka koma bakin wannan hanya, inda ta haɗu da wadda ta fito daga Funtuwa, aka kafa sabon garin da ake kira Birnin Gwari a yau. Shawara ce mai nauyi, sarki ya bar kushewar kakanninsa da ganuwar da suka gina. Amma ga wanda ya san abin da ya kafa garin tun farko, shawarar ta yi daidai da halinsa. Kakanni sun zauna inda jakunan fatake ke wucewa, jikoki suka koma inda manyan motoci ke wucewa.

Kuma ta biya. Kafin a gina tagwayen hanyar Kaduna zuwa Abuja, wannan ce ake kira hanyar Legas, kuma duk direban da ya yi zamani a kanta ya san Birnin Gwari wurin tsayawa ne, a sha mai, a ci abinci, a yi salla, a duba taya. Tafiyar kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai ce daga Kaduna, ta Buruku da Udawa da Kuriga. Kasuwar hatsi da ta dabbobi suka bunƙasa, aka yi madatsar ruwa ta Bagoma, aka yi makarantu da babban asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Jibril Mai Gwari. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Birnin Gwari ya zama hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 14 na tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin tana haɗe da Katsina.

Ga inda gizo ke saƙar. Daga 1987, da aka cire Katsina, ƙananan hukumomi bakwai da suka rage wa Kaduna sun hayayyafa sun zama 23. Birnin Gwari kuwa tana nan da faɗinta, sama da murabba'in kilomita 6,000, mafi girma a jihar, da jama'a fiye da 250,000 a ƙidayar 2006, da mazaɓu 11. Daga Randagi da Kakangi a yamma zuwa Kuyello da Dogon Dawa da Damari a gabas tafiya ce mai nisa a kan hanyoyin da damina ke cinyewa. Hukuma ta tattara kanta a bakin kwalta. Sakatariya a nan, ofishin 'yan sanda a nan, asibiti a nan. Mutumin Tabanni ko Kutemeshi ko Kazage ya saba ganin gwamnati lokacin zaɓe da lokacin rigakafi. Sabon gari ya ci moriyar hanya, ƙasar da ke bayansa ta zama saniyar ware.

A watan Mayun 1999 gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ta ɗaga gandun zuwa gandun daji na ƙasa, tare da Okomu ta Jihar Edo. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. A takarda ci gaba ne. Dajin yana da abin nunawa: giwaye, gwanki, kanki, gada, mugun dawa, birai, tsuntsaye fiye da iri 170, ga magangarar Dogon Ruwa, ga Goron Dutse da Tsaunin Rema. Amma ikon dajin ya ƙara nisa da masu zama a bakinsa, ya koma hannun wata hukuma ta tarayya mai hedikwata a Abuja, da 'yan tsirarun ma'aikata da ba su da makamin da ya kai na ɓarayi. Kuma Kamuku ba shi kaɗai yake ba. Yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara, daga can akwai mashiga zuwa dazukan Katsina, ta kudu kuma zuwa Alawa ta Jihar Neja. Jihohi huɗu sun haɗa iyaka a wurin, kowace na ganin bayan gidanta ne.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an tsawaita ba. An fara da fashi a hanya da satar shanu. A 2015 gwamnonin yankin suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro dajin, aka ƙwato dabbobi da yawa, ɓarayin suka watse suka sake haɗuwa da sabuwar sana'a ta satar mutane. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Doka. Ranar Asabar 5 ga Mayun shekarar aka afka wa Gwaska aka kashe aƙalla mutum 45. 'Yan ƙungiyar Ansaru suka sami gindin zama a gabashin masarautar, har a 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar ta yi ta kokawa cewa sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan, mutanen Damari suka yi ta gudun hijira. Manoma suka koma biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A ƙarshen 2021 an toshe layukan waya na tsawon makonni, an hana hawa babur, an rufe kasuwanni. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗaliban Kuriga, a kan wannan hanya dai, aka sako 137 bayan kwana 17. Ramukan zinariyar da Turawa suka bari kuwa sun sami sababbin masu gadi.

Garin da aka kafa don ya ba matafiyi aminci ya wayi gari mutanensa ba sa iya zuwa Kaduna sai an jera motoci soja na gaba soja na baya.

Yanzu da ƙura ta lafa, ana jin masu cewa a bar tone-tone, a gode wa Allah, a yi noma. Godiya wajibi ce, kuma babu mai hankalin da zai raina kwanciyar hankalin da aka samu, ko da yana da tambayoyi game da sharuɗɗan sulhun da makaman da ba a ga an tara ba, da kuma hakkin waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya. Amma sulhu da mutanen daji alkawari ne tsakanin mutane, mutane kuwa suna mutuwa, suna saɓawa, yaransu na tasowa da nasu ra'ayin. An yi irinsa a Zamfara da Katsina a 2019 bai ɗore ba. Abin da zai hana a koma gidan jiya shi ne a gyara abubuwan da suka buɗe ƙofa tun farko, kuma tarihin garin ya riga ya nuna su.

Hanya ce a gaba. Ta Kaduna zuwa Tegina da ta Funtuwa duk na gwamnatin tarayya ne, kuma ramukansu sun yi wa 'yan fashi rabin aiki, domin motar da ke rarrafe ba ta da wuyar tarewa. Amma kwaltar da ta tsaya a manyan hanyoyi biyu maimaita kuskuren baya ne. Sai an huda cikin ƙasar, an haɗa Tsohuwar Gwari da garuruwan gabas da na yamma da hanyoyin da mota za ta bi a watan Agusta, an sa makarantar sakandare da asibiti da ofishin 'yan sanda da alƙali inda jama'a suke. Ko an ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma ko ba a ƙirƙiro ba, abin da tsarin mulki ya sa ya yi wuya ƙwarai, babu abin da ya hana jiha ta kai ma'aikatanta can su zauna. Haka ma rugagen Fulani. Yaron da ya tashi a daji bai taɓa ganin allo ko alli ba, bai san hukuma ba sai ranar da aka zo kama babansa, shi ne wanda aka fi saurin miƙa wa bindiga.

Dajin kuma ya kamata a dawo da masu shi cikin lamarinsa. Ba ana nufin a soke matsayinsa na ƙasa ba. Ana nufin masarauta da dagatai da ardo-ardo da maharba da matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa su sami wurin zama a teburin da ake yanke shawara, a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi da albashi, a shata burtali da makiyaya a fili kowa ya sani, a san mai lasisin kowane ramin zinariya da abin da ƙaramar hukuma ke samu daga gare shi. Masu yin gawayi da masu yankan katako sun riga sun gane cewa hanya ta buɗe. In ba a yi hattara ba, abin da bindiga ta bari zarto zai gama da shi cikin 'yan shekaru.

Saura aikin da ya fi kowanne araha, wanda kuma ya fi saurin kuɓucewa. Tarihin Birnin Gwari a warwatse yake. Wani na cikin littafin Clapperton, wani na cikin fayilolin lardi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, wani a Gidan Arewa, wani a kundayen ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello. Mafi yawansa kuwa yana bakin tsofaffi, kuma shekarun gudun hijira sun watsa su, wasu sun rasu a gidajen haya a Kaduna da Zariya da Funtuwa da abin da suka sani. Dattijon da ya ga tashin gari daga tsohon mazauni zuwa sabo yana yaro, yau ya haura saba'in. Tsohuwar da ta iya jero sunayen kufan Kamuku da harshen Kamuku, jikokinta Hausa suke yi mata magana.

Shekarar 2026 ta haɗa lissafi uku: shekara 200 da saukar Clapperton a tsohon birnin, shekara 90 da keɓe dajin, shekara 50 da kafa ƙaramar hukumar. Masarauta da ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin suna da malaman makaranta da ɗaliban tarihi da za su iya wannan aiki da wayar hannu da littafin rubutu. A bi unguwa-unguwa a naɗi muryoyin dattawa, Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani. A je Tsohuwar Gwari a auna abin da ya rage na ganuwa, a rubuta sunayen ƙofofi da wurin da zangon fatake yake, a kafa alama kafin masu haƙar zinariya da masu neman ƙasar gini su kai wurin. A rubuta sunayen waɗanda aka kashe a Gwaska da sauran garuruwa tun danginsu na raye. Sannan a buga ɗan littafi da Hausa, mai sauƙin kuɗi, a raba wa makarantun firamare na mazaɓun nan 11, daga Magajin Gari har Randagi.